Lotsawar Daɓen Kankare: Abin Da Ya Kamata Mai Gida Ya Sani Kafin Ya Ba Da Kwangilar Gyara

LEGAS – A kowace shekara, da zarar ruwan damina ya ɗauke, masu gidaje da shaguna da rumbunan ajiyar kaya a biranen ƙasar nan sukan wayi gari su tarar daɓen kankaren harabarsu ya lotsa, ko ya tsage, ko kuwa wani sashe nasa ya yi ƙasa ya bar ɗan'uwansa a sama. Al'amarin ya fi tsanani a garuruwan kudu irin su Legas da Fatakwal da Warri da Anacha, inda ɗimbin 'yan kasuwa Hausawa suke zaune, waɗansu a gidajen kansu, waɗansu kuma a gidajen haya, kuma inda ruwan sama yake da yawa, ƙasa take da laushi.

A ido, lotsawar daɓe ƙaramin abu ne da za a iya kau da kai daga gare shi. Amma daɓen da ya lotsa yakan juya akalar ruwan sama, maimakon ya gangara kwata sai ya koma ya kwanta a gindin bango, daga nan ya riƙa ratsawa cikin harsashin gini. A shago ko rumbu, danshi yakan hau buhunan hatsi da dilolin atamfa. A gida kuwa, tsofaffi da ƙananan yara su ne ke tuntuɓe da bakin kankaren da ya ɗaga. Haka kuma duk mai son sayen gida ko karɓar hayarsa, da harabar yake fara cin karo, kuma da ita yake fara neman ragi.

Gyaran kansa ba mai araha ba ne. A farkon shekarar 2024 farashin buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, lamarin da ya sa a watan Fabrairu na wannan shekara Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya zauna da manyan kamfanonin siminti, wato Dangote da BUA da Lafarge, inda aka amince a sayar da buhu tsakanin naira 7,000 da naira 8,000. Bisa ga irin wannan tsada, aikin da aka yi sau biyu hasara ce babba, kuma mafi yawan gyaran daɓe da ke lalacewa cikin damina ɗaya, tun daga wurin ba da kwangila aka yi kuskurensa.

Abin da ke sa daɓe ya lotsa

Kankare ba ya lotsawa da kansa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce take sauka, shi kuma ya bi ta, domin abu ne mai nauyi wanda ba ya lanƙwasa. Kubik mita ɗaya na kankare yana da nauyin kimanin kilo 2,400, saboda haka daɓe mai kaurin santimita 10, wato inci 4 a bakin magina, yana ɗora wa kowane murabba'in mita na ƙasa nauyin kilo 240, tun kafin mutum ko mota su hau.

Dalili na farko, kuma mafi yawa, shi ne cikon da ba a daddaɓe ba. Lokacin gini akan haƙa ramin harsashi da na bututun ruwa da na sokawe, daga baya a mayar da ƙasa a tura ta da shebur, a yayyafa ruwa, a zuba kankare a kai. Irin wannan ƙasa tana cike da iska, kuma za ta ci gaba da zama a hankali har tsawon shekaru. Matan Hausawa na dā sun san wannan, shi ya sa daɓen gargajiya ake bugunsa da madaɓi, ana yayyafa ruwan makuba, ana sake bugu, har sai ƙasa ta daina amsawa.

Dalili na biyu shi ne ruwa. Indararon da ke zuba a wuri guda, da bututun famfo da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, da sokawe mai yoyo, da kwatar da bakinta ya tsage, dukkansu sukan kwashe lallausar ƙasa kaɗan-kaɗan, su bar kogo a ƙarƙashin daɓe. A Fatakwal ruwan sama yakan wuce milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano takan samu, saboda haka kuskuren magudanar ruwa da zai ɗauki shekaru kafin ya bayyana a arewa, a can damina ɗaya ta isa ta tona shi. Ambaliyar shekarar 2012 da ta 2022, waɗanda suka shafi garuruwan gaɓar kogin Kwara da Binuwai irin su Lokoja da Makurɗi, sun bar gidaje da yawa da irin wannan ɓarna ko bayan ruwa ya janye.

Dalili na uku shi ne irin ƙasar wurin. Unguwanni da dama a Legas, kamar Lekki da Ajah da sassan Apapa, fadama ce aka cike da yashi, kuma a ƙarƙashin yashin akwai laka mai laushi da ruɓaɓɓen ciyayi waɗanda ke matsewa idan an ɗora musu nauyi. A sassan jihohin Borno da Gombe da Adamawa kuwa akwai baƙar laka, wadda a yankin tafkin Chadi ake kira firgi, mai kumbura da damina ta kuma tsattsage da rani, ta yadda daɓen da ke kanta yakan hau ya sauka kowace shekara. A tsofaffin birane irin su Kano da Zariya, filaye da yawa kududdufai ne da aka cike da bola, kuma shara tana ruɓewa ta rage yawa. Haka nan tsohuwar rijiya ko masai da aka binne ba tare da an cike su da kyau ba.

Sauran dalilan sun haɗa da nauyin da ya fi ƙarfin daɓe, da saiwar itatuwa, da gara. Tankin ruwa mai lita 5,000 tan biyar ne idan ya cika. Tirela mai ɗauke da buhu 600 masu kilo 50 tan 30 ne na kaya kawai, ban da nauyin motar. Daɓen da aka yi domin tafiyar ƙafa ba zai ɗauki wannan ba, kuma 'yan kasuwa da dama sukan mayar da harabar gida wurin sauke kaya ba tare da sun yi la'akari da haka ba.

Binciken da mai gida zai yi da kansa

Kafin a kira kowa, akwai abubuwan da mai gida zai iya dubawa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya ɗauki guntun rodi ya ƙwanƙwasa daɓen wuri-wuri. Inda ya ji ƙara kamar ta ganga, to akwai kogo a ƙasa. Ya rufe dukkan famfunan gida da dare bayan ya yi alama a jikin tanki. Idan da safe ruwa ya ragu, akwai bututun da ke yoyo. Ya fita lokacin da ake ruwan sama, ko ya kwarara bokiti biyu, ya ga inda ruwa yake nufa da inda yake ɓacewa. Sannan ya ja layi da fensir a ƙarshen kowace tsaga, ya rubuta kwanan wata, ya dawo bayan makonni huɗu ya ga ko ta wuce layin.

Muhimmin abin da za a tantance shi ne ko daɓen harabar ne kaɗai ya sauka, ko kuwa ginin ma yana bin sa. Alamomin da ke nuna matsalar ta kai ga harsashi su ne tsagar bango da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, da ƙofofin da suka fara cijewa, da tsagar da faɗinta ya wuce milimita 5 ko take ƙara buɗewa, da katangar da ta fara jirkicewa. Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, to aikin ya fi ƙarfin birkila, dole a nemi injiniyan gine-gine mai rajista ya duba, ya kuma ba da rahoto a rubuce. A jihar Legas akwai hukumar sa ido kan gine-gine, wato LASBCA, wadda aka kafa bisa dokar tsara birane ta shekarar 2010, da kuma ɗakin gwajin kayan gini na jihar, inda ake gwada ƙasa da kankare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shafe tsagar da siminti ba ya hana harsashi ci gaba da sauka.

Hanyoyin gyara

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma aka fi yaudarar mutane da ita, ita ce a zuba sabon daɓe a kan tsohon. Wannan yana da amfani ne kawai idan lotsawar kaɗan ce, ƙasa ta daina motsi, kuma babu kogo. In ba haka ba, an ƙara wa ƙasar da ta gaza nauyi ne, kuma tsagar da ke ƙasa za ta ɓullo a sama. Bugu da ƙari, sabon daɓen yakan ɗaga harabar har ta kai tsayin dokin ƙofa, ruwa ya samu hanyar shiga ɗaki.

Hanya ta biyu ita ce a fasa sashen da ya lalace, a kwashe mugunyar ƙasa, a gyara bututu ko kwatar da ta jawo ɓarnar, a sake ciko da marmara ko ɓaraguzan dutse, a daddaɓe da inji, sannan a zuba sabon kankare. Ita ce ta fi cin kaya da lokaci, amma ita ce ke ba da damar ganin ciwon da ido, kuma ita ce kusan kowane gogaggen magini a ƙasar nan zai iya yi.

Hanya ta uku ita ce ɗaga daɓen ba tare da an fasa shi ba. Akan huda ramuka masu faɗin santimita 3 zuwa 5, a tura kunun siminti da yashi da famfo mai ƙarfi, ya cike kogon, ya kuma tura daɓen sama har ya daidaita. An fara wannan dabara ne a jihar Iowa ta Amurka wajen shekarar 1930 domin gyaran hanyoyin mota na kankare. Daga baya wani kamfanin ƙasar Finland mai suna Uretek ya ɓullo da amfani da kumfar roba ta foliyuretan, wadda ake tura ta ruwa-ruwa ta ramuka ƙanana da ba su kai santimita 2 ba, ta kumbura, ta sandare cikin kimanin minti 15. Fa'idar kumfar ita ce rashin nauyi, domin kubik mita ɗaya nata bai kai kilo 100 ba, alhali kunun siminti ya haura kilo 1,500. Sai dai waɗannan hanyoyi biyu suna bukatar inji na musamman da ƙwararru, ba a kowane gari ake samunsu ba, kuma ba su da amfani ga daɓen da ya riga ya farfashe ko wanda ba shi da kauri. Sun fi dacewa da babban rumbu ko masana'anta, inda dakatar da aiki na mako biyu ya fi kuɗin gyaran tsada.

Hanya ta huɗu ita ce a cire kankaren gaba ɗaya a shimfiɗa tubalin intalok a kan yashi. A wurin da ƙasa ba ta gama zama ba, kamar sabon ciko ko baƙar laka, wannan yakan fi dacewa, domin idan wani wuri ya lotsa sai a ɗaga tubalan, a ƙara yashi, a daddaɓe, a mayar da su. Sharaɗinsa shi ne a yi masa gefe mai ƙarfi na kankare, in ba haka ba tubalan za su riƙa bajewa.

Zaɓen ɗan kwangila

Ɗan kwangilar gari yana da fifiko a kan wanda aka ɗauko daga nesa ta fuska uku: ya san ƙasar unguwar, ya san inda ake samun yashi da tsakuwa masu kyau a kusa, kuma ana iya samunsa idan aiki ya lalace. Ga ɗan kasuwar da ke zaune a Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan, ɗauko magini daga gida arewa saboda sanayya ba laifi ba ne, amma wanda ya saba aiki a busasshiyar jar ƙasa yana iya yin kuskure a wurin da ake tarar da ruwa bayan haƙan mita ɗaya.

Ya kamata a gayyaci aƙalla mutum uku, kowanne ya zo wurin da ƙafarsa. Tambayar farko da za a yi wa kowannensu ita ce mene ne ya sa daɓen ya lotsa. Wanda ya yanke farashi kafin ya duba indararo da kwata da sokawe, ko wanda ya faɗi kuɗi ta waya daga ganin hoto, bai cancanci aikin ba. Kazalika a nemi ya nuna aikin da ya yi wanda ya ga damina biyu ko fiye, a je a gani, a kuma yi magana da mai wurin ba a gabansa ba. Sabon daɓe kowanne kyakkyawa ne, damina ce ke bambanta su.

Idan kamfani ne, ana iya bincika rajistarsa a shafin intanet na Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Idan ya ce shi injiniya ne, a nemi lambar rajistarsa da majalisar COREN, wadda aka kafa a shekarar 1970 domin sa ido kan aikin injiniyoyi. Idan ƙwararren magini ne mai takardar ilimi, rajistarsa tana wurin majalisar CORBON, wadda aka kafa a shekarar 1989. Ƙaramin aiki na 'yan murabba'in mitoci ba lalle ne ya bukaci waɗannan ba. A nan abin da zai tsaya a madadinsu shi ne sanin gidan birkilan, da shugaban ƙungiyar maginan da yake ciki, da mutumin kirki da zai tsaya masa.

Lissafin kaya

Takardar ƙiyasi da ke ɗauke da jimla ɗaya tak ba ƙiyasi ba ce. Wajibi ne ta fayyace faɗin wurin, da kaurin daɓe, da awon haɗi, da yawan buhunan siminti, da tifar yashi da tsakuwa da marmara, da hayar injin daddaɓe ƙasa, da ladan ma'aikata, da kuɗin kwashe ɓaraguzai. Da haka ne kawai za a iya kwatanta takardu uku a gane wanda ya rage farashi ta hanyar rage kaya.

Awon haɗin da aka saba da shi ga daɓen haraba shi ne ɗaya, biyu, huɗu, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Da yake buhu ɗaya yana cika kwanon sarki biyu, kowane buhu yana bukatar kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ruwa kuwa kimanin jarka ɗaya ce mai lita 25, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. A wannan awo, kubik mita ɗaya na kankare yana cin buhu shida da ɗoriya.

A ɗauki misalin haraba mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6. Murabba'in mita 60 ke nan, kuma a kaurin santimita 10 za ta ci kubik mita 6 na kankare, wato siminti kimanin buhu 38 zuwa 40. Idan ɗan kwangila ya sauya awo zuwa ɗaya, uku, shida, buhu 27 za su ishe shi, ya ajiye fiye da buhu 10. Idan kuma ya rage kauri daga santimita 10 zuwa 7 da rabi, ya sake cire kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan kayan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ido zai gane bayan an goge saman daɓe. Wurin da manyan motoci za su shiga kuwa yana bukatar kaurin santimita 15 ko fiye, tare da ragar ƙarfe. Ya kamata a lura cewa ragar ƙarfe ba ta hana ƙasa sauka, amfaninta shi ne ta riƙe tsaga kada ta buɗe.

Dangane da siminti, ana rubuta darajarsa a jikin buhu, 32.5 ko 42.5 ko 52.5, kuma a shekarar 2014 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta ba da umarnin a riƙa amfani da mai lamba 42.5 wajen zuba kankare, umarnin da ya jawo muhawara a tsakanin kamfanonin siminti. Ko wanne aka saya, a guji wanda ya yi gudaji ko ya daɗe fiye da wata uku a ajiye. Yashi kuma ana gwada shi da kwalba: a zuba shi da ruwa, a girgiza, a ajiye na 'yan sa'o'i. Idan lakar da ta kwanta a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a mayar da shi. A garuruwan bakin teku a tabbatar yashin ba mai gishiri ba ne, domin gishiri yana cinye rodi.

Yarjejeniya da biyan kuɗi

Kowace kwangila, komai ƙanƙantarta, a rubuta ta. Malamai sukan tunatar da cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takardar ta ƙunshi abin da za a yi dalla-dalla, da wanda zai sayi kaya, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai ɗauki hasara idan lebura ya fasa bututun ruwa ko ya yanke wayar lantarki da ke binne, da kuma sharaɗin cewa duk wani ƙarin aiki sai an amince da farashinsa a rubuce kafin a taɓa shi. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

A lokacin da farashi ke hawa da sauka, ya fi aminci mai gida ya sayi siminti da rodi da kansa, ya biya ɗan kwangila ladan aiki, ko kuwa a rubuta farashin ranar da aka ƙulla yarjejeniya da yadda za a raba ƙari idan ya auku. Kada a biya kuɗi gaba ɗaya tun farko. Gwamnatin Tarayya ma, a dokar sayen kayayyakin gwamnati ta shekarar 2007, ta ƙayyade kafin alƙalamin ɗan kwangila a kashi 15 cikin 100, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Ya fi dacewa a biya bisa matakai: bayan fasawa da kwashe ɓaraguzai, bayan ciko da daddaɓewa, sannan bayan zuba kankare. A manyan kwangilolin gini a ƙasar nan al'ada ce a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon wata shida domin gyaran aibun da zai bayyana. Mai gida zai iya ɗaukar wannan al'ada, ya kuma sa wa'adin ya ratsa damina ɗaya cikakkiya. Biyan ta banki ya fi, domin yana barin shaida. In an biya hannu da hannu, a karɓi rasit.

Ranakun sa ido

Rana biyu ce bai kamata mai gida ko wakilinsa su bar wurin ba: ranar ciko da ranar zuba kankare. Ciko ana yinsa ne hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa daidai misali, a bi shi da inji kafin a ƙara wani. Kafin a zuba kankare a auna zurfin wurin da tef a wurare da dama, a kuma tabbatar da gangara, wato daɓen ya sauka kimanin santimita 2 a kowace mita ɗaya, yana nisantar bango yana nufar kwata. A ƙidaya buhunan da aka buɗe, a tara fankonsu. A hana leburori ƙara ruwa domin sauƙin aiki, domin kankare mai ruwa-ruwa yana da daɗin shimfiɗawa amma ba shi da ƙarfi.

Har ila yau, a yanka layukan tsaga a kowace mita 2 da rabi zuwa 3, zurfinsu kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin daɓen, domin idan kankare ya ja jiki ya tsage a cikin layin maimakon tsakiyar fili. Tsakanin daɓe da bango a sa wani abu mai laushi da zai raba su, daga baya a toshe bakin da kwalta ko makamancinta, ta yadda kowanne zai motsa ba tare da ya ja ɗayan ba. Bayan zubawa, a riƙa ba daɓen ruwa aƙalla kwana bakwai, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da shi da sauri. Kankare yakan kai kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana bakwai, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi kuma a kwana 28. Saboda haka ƙaramar mota ta jira mako guda, babbar mota kuma wata guda.

'Yan haya da warware saɓani

Ɗan kasuwar da ke haya kada ya fara aiki kafin ya samu yardar mai gida a rubuce. Dokar haya ta jihar Legas ta shekarar 2011 ta ɗora gyaran wajen gini da wuraren tarayya a kan mai gida, ta kuma ba ɗan haya damar neman diyyar gyaran da ya yi idan mai gida ya sallame shi, amma da sharaɗin cewa an amince masa a rubuce tun farko. Ko a jihar da ba ta da irin wannan tanadi, takarda mai nuna nawa za a cire daga kuɗin haya ta fi alƙawarin baki.

Idan saɓani ya taso da ɗan kwangila, matakin farko shi ne shugabannin ƙungiyar magina, ko Sarkin Hausawan unguwa idan duka ɓangarorin suna ƙarƙashinsa. In abin ya faskara, jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan da'awa a shekarar 2018, masu sauraron ƙarar da a lokacin ba ta wuce naira miliyan 5 ba, da nufin yanke hukunci cikin kwana 60, kuma ba dole sai da lauya ba. Jihar Kano ta bi sahu a 2019, wasu jihohin ma daga baya. Injiniya ko magini mai rajista kuwa ana iya kai ƙararsa ga majalisar da ta yi masa rajista. A duk waɗannan wurare, abin da za a fara nema shi ne yarjejeniya da rasit da hotunan aikin tun daga farkonsa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu a kudu, inda damina ke fara leƙowa tun watan Maris, kuma har zuwa Afrilu a arewa. A lokacin ne ƙasa take bushewa ta karɓi daddaɓewa, kuma kankare yake samun kwanakinsa 28 kafin ruwan farko. Wanda ya bari har hadari ya haɗu, zai yi ciniki cikin gaggawa, ya cika rami da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma da wuya damina mai zuwa ta wuce bai sake neman magini ba.